Sunan abin da na yi wa Gwaggo

Shekara goma sha huɗu na yi ina kiran abin da na yi wa Gwaggo da sunan da ba nasa ba. In ya faɗo mini a rai da dare sai in ce aro ne. In ya matsa mini sai in ce jinkiri ne, kuma ai na biya. Bakina bai taɓa furta ainihin sunansa ba sai da 'yarta ta faɗa mini shi a tsakar gidana, a gaban matana.

A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, unguwar Hausare, a 1959. Kakana falke ne daga ƙasar Kano, ya biyo ta Yola ya yada zango a bakin Binuwai, bai sake tashi ba. Sunansa aka sa mini, shi ya sa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini tun ina cikin zanen goyo har na yi furfura a gemu. Mijinta ya rasu a 1984 ya bar ta da 'ya'ya uku. Da ta fita takaba sai ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Kafin kiran assalatu ta wanke wake ta kai niƙa, gari na wayewa masu zuwa lakwal, wato makarantar boko, da masu tura amalanke sun yi mata layi. Hayaƙin itace ya cinye mata ido, har ta kai sai ta kawo kuɗi kusa da hanci kafin ta gane dala biyar ce ko dala goma.

Duk ranar Juma'a bayan la'asar takan zo rumfata a babbar kasuwa, ta zauna a kan tabarma, ta kwance bakin zaninta. Wani mako jaka biyu, wato sefa dubu biyu, wani mako uku, wani mako ba ta zo ba sam. Takardun duk sun sha mai, kana taɓawa kana jin ƙamshin ƙosai. Sai ta ce, "Babana, ƙara a kan na Makka." Ni ke rubutawa a littafi, ita kuma ta ƙulla ƙulli a wani zare da take ajiyewa cikin gwangwanin madara. Ba ta yi boko ba, ba ta yarda da banki ba. Ni ne bankinta.

Ni kuwa ɗan yadi ne. Ina sayar da atamfar kamfanin Sikam, wadda a lokacin ake saƙa zarenta nan Garwa a buga ta a Duwala, ina sayar da shadda da yadin maza. Atamfa turmi-turmi take tafiya, yadi shida, ba ta da wurin wasa. Shadda kuwa a mita muke yankawa, kuma a nan nake da sanda biyu. Ɗaya mita ce cikakkiya. Ɗaya yadi ce, ta gaza mita da kusan santimita tara. In ɗan gari ne ya zo, wanda ya san ido, sai in ɗauko doguwar. In baƙauye ne da ya sayar da audugarsa ya shigo gari yi wa iyali sayayyar Sallah, ko ranar Lahadi da nake kai kaya kasuwar Pitowa, sai hannuna ya tafi ga gajeriyar ba tare da na ko duba ba. Mutum ya biya mita goma ya tafi gida da tara da 'yan kai.

A layinmu ba wanda ke ce wa wannan tauye awo. Iya kasuwa muke cewa, ko dabara, ko a ce wane yana da hannu. Wanda ya cusa shaddar kwaikwayo a cikin ta asali ba a ce ya yi algus, sai a ce ya yi gyara. Alhali dukkanmu mun haddace "Wailun lil muɗaffifina" tun muna makarantar allo, mun kuma ji a tafsirin azumi cewa tauye mudu da sikeli ne ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu. Manyan kalmomi muna da su, amma mun ware musu unguwa. Fasiƙanci, alfasha, baɗala, masha'a, lalata, ashararanci, duk waɗannan na Yelwa ne, inda ake kwana ana kiɗa, na masu shan giyar gargajiya irin su bilbil da arki ne, na matan da ke zaman kansu ne. In aka zauna hira bayan isha'i aka ɗauko zancen lalacewar zamani, muryata ta fi ta kowa tashi. Kuma da gaske nake yi, abin yana ƙona mini rai. Ban taɓa sa giya a bakina ba, ban taɓa bin matar kowa ba, sahun farko nake sallah. A lissafina mai laifi shi ne wanda ake nunawa da baki in ya wuce.

Mutum ɗaya ce ke ce mini ɓarawo, ita ma da wasa. 'Yar Gwaggo ta fari taubashiyata ce, kuma tsakanin taubasai ba a jin zafin magana. Tana shigowa layi za ka ji muryarta: "Ina ɓarawon yadi? A yanka mini mita biyar, amma da sandar Allah!" Maƙwabta su yi dariya, ni ma in yi, in rama da tawa tsokanar.

A ƙarshen 1992 na samu labarin shadda mai kyau ta sauka a Duwala. Jarina bai kai ba. Na buɗe akwatin da kuɗin Gwaggo ke ciki, na ce wata biyu ne kawai, kafin ta buƙata na mayar. Ban tambaye ta ba, don na san amsar da za ta ba ni. Na hau mota zuwa Ngaundare, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na wuce Duwala, na zuba kuɗin ƙosan shekara takwas a kan diloli a kasuwar Kwango. Kayan na isowa Garwa, a watan Janairun 1993, gwamnati ta rage albashin ma'aikata. Su ne masu sayen shadda mai tsada. Kasuwa ta tsaya cik.

Bayan ƙaramar Sallah, a ƙarshen Maris, lokacin da zafin Garwa ke hana kwana a ɗaki, Gwaggo ta zo da gwangwaninta. Ta zazzage zaren a kan tabarma, ta ce ta sa an ƙirga mata, kuɗin kujera da guzuri sun cika, in je in biya mata. Fuskarta a ranar ba zan manta da ita ba. Na ce to. Na yi kwana uku ina juyi a shimfiɗa. Da na karyar da kayan a kan asara, da na haɗa mata kuɗinta. Na auna asarar na ga ta yi mini yawa. Rana ta huɗu na je gidanta na tsuguna na ce, "Gwaggo, na je, an ce kujerun bana sun ƙare. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

Ta yi shiru tana juya ƙosai a cikin mai. Sannan ta ce, "Allah ya kai mu, Babana. Kiran ne bai zo ba."

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, har da kuɗin jirgi da masauki a Makka. Kuɗin Gwaggo da suka cika bara suka zama ba su kai ko'ina ba. Shaddar da na saya da su kuwa, wadda ta shekara tana shan ƙura, ta kusa ninka kuɗinta. 'Yan kasuwar Cadi da na Najeriya suka kwashe ta a hankali. Da damina na ƙirga wa Gwaggo kuɗinta cif, ko dala ba ta yi ciwon kai ba, har ina jin kaina mai riƙon amana. Ta karɓa ta ce za ta riƙa ajiyewa a ɗakinta. Ban tambayi dalili ba.

A 1996 na tafi Hajji. Ta zo sallama da ƙullin dakuwa da jaka biyu, ta ce in yi mata sadaka a Harami in kuma ambaci sunanta a Arfa. Na dawo mata da darduma da carbi da ruwan Zamzam. Ba ta sha ruwan ba. Ta yayyafa shi a kan likkafaninta ta shanya ta naɗe. A cikinsa muka sa ta a 1998. Ni na shiga kabarin na karɓe ta.

Daga nan kasuwa ta buɗe mini. Rumfa ta zama kanti biyu, na gina gida, na ƙara aure. A 2005 taubashiyata ta kawo mini ɗanta ya koyi kasuwa. Yaro ne mai kaifin lissafi. Bayan shekara biyu na lura kuɗin aljihun tebur na raguwa, na sa ido, na kama shi da jaka biyar. Wani kuma ya gaya mini ya gan shi a Yelwa da dare. Na mare shi a gaban mutanen layi, na kira shi ɓarawo, na kira shi fasiƙi, na ce ba don zumunci ba da jandarma zan kai shi. Da daddare uwarsa ta zo gida. Ban bari ta zauna ba na fara. Na ce ta ja wa ɗanta kunne, mu a zuriyarmu ba mu gaji cin amana ba.

Ta dube ni har na ji ba daɗi. Sannan ta ce, "Alhaji."

Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba, ko ranar da na sauka daga jirgi.

"Alhaji, a 1993 maƙwabciyarmu ta biya kujera mako biyu bayan ka ce wa Inna sun ƙare, kuma ta tafi. Inna ta raka ta har filin jirgi. Ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ce zan zo in same ka, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe mini nono ba, ɗan wanta ne, sunan ubanta gare shi. Ɗana ya yi sata, ban musa ba, jaka biyar ɗinka ga ta. Kai kuma abin da ka yi sunansa cin amana. Zamba cikin aminci ka yi wa makauniyar tsohuwa."

Ta ajiye kuɗin a kan tabarma. Na tambaye ta, da muryar da ni kaina ban gane ba, ko Gwaggo ta ce wani abu kafin ta cika. Ta ce, "Ba ta ce Allah ya isa ba. Ba ta kuma ce ta yafe ba." Ta sa takalminta ta fita.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan daren, kuma ina jin nauyin faɗarsa, tunanin cewa matana sun ji ne. Tonon asirin ya riga laifin zuwa zuciyata. Maƙwabtanmu Fulani suna da kalmar semteende, kunya, kuma suna riƙe ta da daraja, mu ma haka. Amma ni kunyata ta ido ce. Sai can wajen asuba abin ya juyo ta inda ya kamata: shekara biyar Gwaggo ta yi tana ce mini Babana tana sane. Ta ba ni dakuwa tana sane.

Bayan kwana biyu na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Na jira ɗalibai suka watse. Ko a nan ban zo da gaskiya tsirara ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi wani kuskure a baya."

Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Alhaji, kuskure shi ne ka nufi daidai hannunka ya goce. Hannunka ne ya goce ya buɗe akwatin?"

Na ce aro na yi. Ya ce aro sai da sanin mai abu. Sai na ɗauko makamin da na daɗe ina ɓoyewa. A zaurensa muka karanta a Risala, littafin fiƙihu, cewa wanda ya yi kasuwanci da ajiya ya aikata makaruhi, kuma ribar tasa ce in ajiyar tsabar kuɗi ce. Ranar da muka zo wannan wurin na koma gida da sanyi a rai, na riƙe wannan layi shekara da shekaru kamar laya. Malam ya ce, "Haka yake a littafi. Amma wancan mutum ne da mai ajiya ya zo ya ƙirga masa abinsa. Kai da mai ajiya ta zo, me ka ba ta?"

Na yi shiru. Ya ce in faɗa da bakina. Na ce, "Ƙarya."

"To daga nan za ka fara."

Na ce amma ai na biya daga baya, jinkiri ne. Ya tambaye ni, da na karyar da shaddar a lokacin, za ta kai kuɗinta? Na ce za ta kai. Ya karanto hadisin da ke cewa jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci ne. Ya ce takardun na mayar, amma Makkar da ke cikinsu na riga na cinye.

Ban taɓa jin kalmar azzalumi ta shafe ni ba. A wurina azzalumi mai mulki ne, ko mai bindiga a kan hanya. Malam ya ce laifi suna ne mai faɗi, yaro ma in ya fasa tulu ya yi laifi. Zunubi shi ne wanda ake rubutawa. Zunubin ma iri biyu ne: akwai wanda ke tsakaninka da Ubangijinka, akwai wanda bawa ke da haƙƙi a ciki. Mashayin bilbil ya aikata babban saɓo, ba mai rage masa nauyi, amma in ya bari, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba, ƙofarsa a buɗe take ko da tsakar dare. Mai haƙƙin wani a kansa yana da sharaɗi na huɗu, sai ya mayar ko a yafe masa. Ya ce, "Kai kuma mai haƙƙin tana ƙarƙashin ƙasa." Na fashe da kuka a zauren nan kamar yaro. Bai rarrashe ni ba. Da na natsu sai ya ce, "Akwai saura?" Na gaya masa zancen sanda biyu.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na sha faɗar wannan karin magana a kan wasu. Abin da ban gane ba shi ne harshe ne ke gina tudun. Kalmomin da muke da su na munanan ayyuka ba su da laifi, kowacce an ƙera ta daidai da aikinta: ha'inci na mai ɓoye aibin kaya, yaudara ta mai daɗin baki, ƙwace na mai ƙarfi, cin amana na wanda aka yarda da shi. Rabon ne muka yi da son kai. Masu wari muka tura wa waɗanda zunubinsu ke fitowa titi, muka bar wa kanmu masu laushi. Har yau in na ji ɗan kasuwa ya ce wane ya iya kasuwa sai gabana ya faɗi, don na san abin da ke iya kwanciya a ƙarƙashin wannan yabo.

Babban ɗana a lokacin yana karatun shari'a a jami'ar Ngaundare. Da ya zo hutu na zaunar da shi na gaya masa komai, don gara ya ji daga bakina. Ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Baba, a dokar laifuka ta Kamaru sata da cin amana da damfara a sashe ɗaya suke, na 318. Hukuncinsu ɗaya, shekara biyar zuwa goma." Wato ni da yaron da na mara a layi, ko a gaban alƙalin gwamnati, shafi ɗaya za a buɗe mana. Shi jaka biyar ya ɗauka.

Na fara da yaron. Na same shi a gidan uwarsa na ba shi haƙuri, sannan na koma layi na faɗa a gaban waɗanda suka ga marin cewa na zalunce shi da bakina. Na ce ya dawo kanti. Ya ce ya gode, amma a'a. Babur ya samu yana kabu-kabu, yanzu yana da iyalinsa, muna gaisawa.

Gajeriyar sanda uwargida ta sa ta a murhu. Waɗanda na tauye kuwa ina zan gan su? Mutanen ƙauyukan Pitowa da Lagdo da Gidar ne, fuskokin da ban riƙe ba. Malam ya ce in ƙiyasta, in ƙara a kan ƙiyasin, in yi sadaka da niyyar ladan ya je gare su. Duk azumi nakan yanka yadi in kai wa marayu, kuma kowane yanki sai na ƙara taƙi guda bayan mita ta cika.

Na Gwaggo shi ne mai wuya. Na tambayi Malam ko in biya wani ya yi mata Hajji. Ya ce malamai sun saɓa, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sake da hakan ba in mamaci bai bar wasiyya ba, amma addu'a da sadaka suna isa gare ta, kuma dukiyarta yanzu ta magada ce. Na tara 'ya'yanta uku, har da wanda ke Njamaina ya tsallako ta gadar Kusiri ya zo. Na faɗi abin da na yi da sunansa, ban ce kuskure ba. Na ajiye musu kuɗin kujerar Makka na wannan shekarar, na ce ba biya ba ne, don abin ba ya biyuwa. Mazan biyu suka ce sun yafe nasu kason, suka ce a ba yayarsu ta tafi. Ita ba ta ce uffan ba. Kuɗin suka yi shekara uku a hannun ƙaninta ba ta taɓa su ba.

A 2010 ta aiko a gaya mini za ta tafi. Na je filin jirgin Garwa na tsaya daga nesa cikin masu rakiya. Na hango ta da farin mayafi, a hannunta akwai wani abu da take ta juyawa, sai da ta matso kusa da ƙofa na gane zaren nan ne mai ƙulle-ƙulle. Da ta dawo na je yi mata barka da sauka. Ta ba ni dabino da Zamzam a ƙaramin kofi kamar yadda ta ba kowa. Ta ce ta yi wa Inna ɗawafi, ta yi wa dangi addu'a gaba ɗaya. Ban tambaye ta ko ina cikin dangin ba.

Yanzu muna zumunci. Tana zuwa suna da biki a gidana, jikokinmu suna wasa tare, in ba ni da lafiya takan aiko da kunu. Wani lokaci takan biyo ta layinmu sayen yadi, in hango ta tun daga bakin hanya, in gyara zama ina jiran in ji ta ɗaga murya ta tambayi ina ɓarawon yadi. Sai ta iso ta yi sallama a hankali, ta ce, "Alhaji, ina wuni. A yanka mini mita biyar."